Mita Ɗari da Arba'in

Abdulwadud matuƙin ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku ne a Jidda, kuma iyakar nutsewar jirginsa mita ɗari ce. Ranar Alhamis, don ya burge surukinsa da ya ɗauka a jirgin, ya zarce iyakar har gilashin tagar jirgin ya fara ƙara. Da suka fito, ya ce wa shugabansa a mita casa'in ya tsaya.

Bayan isha ya dawo Makka, ya tarar da wata tsohuwa a ƙofar gidansu a unguwar Zahir. Abayarta tana ɗigar ruwa, tana ƙarnin teku.

"Sannu, Hajiya. Wa kike nema?"

"Kai, ya waladi, ɗana. Ɗari da arba'in ka sauko. Ka haska mana ɗaki ba sallama, 'ya'yana mata ko mayafi babu."

Kunya ta sa ya sunkuyar da kai. Nan ya ga yatsun ƙafarta a haɗe da fata, irin na agwagwa.