Hadarin Da Zuliha Ta Ɗinka

Zuliha na zaune a gindin rumbu, ta baje ƙyallaye a faifai tana ware ja daban kore daban, sai ga Inna ta fito daga ɗaki da langa ta ƙarshe a hannu.

"Inna, har ita ma?"

"Har ita. Langa za ki ci in yunwa ta taso miki?"

Shekarar da ruwa ya ɗauke kenan, gero bai ko fid da kai ba. Duk ƙauyukan Kunci tafasa da rama ake kwaɗawa. Kwanukan jeren da Inna ta shekara goma tana tara wa Zuliha, ɗai-ɗai suka bi Hure dillaliya, suka dawo gida a matsayin dawa. Ga biki saura wata biyu!

Basiru ne angon. Samarin wasu turare suke kawowa zance, shi kuwa ƙyallaye. Duk ranar kasuwar Bici in ya gama dako, sai ya bi rumfunan teloli ya roƙi abin da almakashi ya zubar, don ya san halin yarinyarsa. Tun tana ƙarama take haɗa ƙyalle da ƙyalle da allura, amma nata ba faci ba ne irin na kowa. Sai ta yanka kore ya zama ganyen kuka, ta yanka ruwan ƙasa ya zama rumbu har da hularsa.

Ran nan da la'asar ya zo zaure, ya juye aljihunsa a gabanta, amma babu dariyar da ya saba.

"Malam, yau kuma wa ya taɓa min kai?"

"Gwaggo ce." Haka yake kiran mahaifiyarsa Barira. "Ta ji labarin kwanukan. Ta ce aure dai maza sun sa rana, ba ta hana ba. Amma in mata suka zo ganin ɗaki suka tarar da bango tsirara, ita ba ta da suruka, kuma kada in nemi albarkarta a kan zaman."

Zuliha ta ajiye ƙyallen da ke hannunta. Kowa ya san Barira. Ita ce mai cewa a gidan suna rumbunsu bai san an yi fari ba.

"To kai me ka ce?"

"Me zan ce? Uwata ce, Zuliha. In babu albarkarta ba zan iya riƙe ki ba, in babu ke kuma..." Sai ya kau da kai.

Ta share hawaye da gefen mayafi. "Tashi ka auno min bangon ɗakin da igiya. Tsawo da faɗi."

"Bangon kuma? Ke da dizain ɗinki!"

"Ka dai auno."

Buhunan gari huɗu ta farke, ta wanke, ta haɗe su suka zama shimfiɗa. A kai ta soma dasa ƙauye guda. Ta yi gonar Baba da gero ya sunkuya don nauyi, kowace zangarniya da ƙulle-ƙullen zare. Ta yi rijiya da guga, ta yi rumbu uku. A ƙasa ta jera langa goma sha biyu na atamfa, kowace da murfinta, daidai yadda Inna ta so ta jera mata. Mutum da dabba ne kawai ba ta sa ba, don kada liman ya yi magana. Sannan ta sa tsohon bargo a tsakiya, ta bi shi da ɗinki layi-layi har 'yan yatsunta suka yi kanta.

Sama ce ta gagara. Tana son hadari, baƙi wuluk irin wanda aka kwana biyu ba a gani ba, amma babu baƙin ƙyalle a faifanta.

Hure ce ta leƙo wata safiya, ta ga aikin ta riƙe baki. Ta zaro rabin zane daga ƙullinta, saƙi baƙi mai ratsin jan alharini. "Ungo. Ɓera ya cinye min rabinsa, babu mai saye."

"Na waye, Iya Hure?"

"Ke! Kin taɓa jin dillaliya ta faɗi mai kaya?"

Zuliha ta shimfiɗa shi a saman gonar. Baƙin ya zama hadari, jan ratsin ya zama walƙiya. Ita kanta sai da ta ji kamar ƙanshin ƙasa.

Aka ɗaura aure, aka rataye ɗinkin ya rufe bango kaf, aka kai amarya. Washegari da hantsi mata suka cika ɗakin. Zuliha na bakin gado cikin lulluɓi, ƙafafu kawai take gani. Ta gane na Barira a bakin ƙofa.

"To, ina jeren?" in ji Barira. "Ko tsumman nan ne jeren? Ku gane min, jama'a, langar da ba ta ɗaukar tuwo!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka matsa suna shafa geron. Can sai wata tsohuwa, Rahmatu, ta kai hancinta dab da hadarin.

"Tsaya! Barira, wannan ba saƙin aurenki ba ne? Ga ma inda turaren wuta ya ƙona miki gefensa! Me ya fito da shi daga akwati?"

A shekarar nan babu macen da ba ta san hanya ɗaya da zanen aure ke bi ya bar akwati ba. Zuliha ta ga 'yan yatsun ƙafar Barira sun ƙanƙame ƙasa. Nan take ta gane. Ashe rumbun da bai san fari ba, da zanen nan aka ciyar da shi! Kalma ɗaya, "Hure", ta isa ta rama mata duk kukan da ta sha.

Amarya ba ta magana a ranar, amma sai ta yi, murya ƙasa-ƙasa.

"Daga akwatin Gwaggo ya fito, Allah Ya kawo shi hannuna. Shi ya sa na ɗora shi sama da komai. Duk abin da ke ƙasa, a inuwarsa yake."

"Ayyiriri!" Rahmatu ta rangaɗa guɗa. "Barira, ashe da ke aka yi aikin kike tsokanar yarinya? Kai, kin iya wasa da hankali!"

Barira ta yi murmushin da bai kai ciki ba, ta fice.

Sai da ɗaki ya watse ta dawo ita kaɗai. Ta daɗe tana shafa inda wutar ta ƙona.

"Kin san yadda ya bar hannuna?"

"Yau na sani, Gwaggo."

"Me ya hana ki faɗa? Ni fa ban raga miki ba."

"Innata ma ta sayar da langa. Ban ga abin dariya ba a ranar."

Barira ta zauna daɓas a ƙasa, ta yi kuka irin na manya, wanda ba shi da sauti. Sannan ta ɗaga murya. "Basiru! Shigo nan, daina laɓe!" Ya shigo ya durƙusa. Ta dafa kansa, ta dafa na Zuliha. "Allah Ya yi muku albarka. In ka saɓa wa yarinyar nan, ni ka saɓa wa."

Da damina ta kewayo ruwa ya sauka, Basiru ya sayo langa ta gaske. Barira da kanta ta hana a sauke ɗinkin, ta ce a ajiye langar a ƙasansa.

To, 'yan mata, ku ji da kyau. Kwano yana tsatsa, yana kuma bin dillaliya. Zuliha ba ta shiga gidan miji da ko cokali ba, haƙuri ta shiga da shi, da bakin da ya iya yin shiru a ranar da ya sami damar ramuwa. Wadda ta rufa wa wani asiri, Allah ba Ya barin nata a waje.