Ranar da Mutanen Tashar Marke Ba Su Zo Ba

Tun da hantsi Hansai ta share tsakar gida sau biyu, ta dama fura, ta sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure. Yau ce ranar da Datti zai kawo manyansa daga Tashar Marke zuwa garin Gafasa tambayar auren 'yarta Hanne. Ga shi inuwa ta koma gindin bango, babu su babu labarinsu.

Hanne na zaune bakin turmi, kunnenta na ƙofar gida. Ko akuya ta taɓa kyaure sai ta zabura.

"Ke, kwantar da hankalinki," in ji Lami, 'yar kawunta mai ɗan boko a baki. "Ƙila diyuti ya riƙe shi. Mutanen reluwe ba sa latti haka kawai."

Kafin ta rufe baki Malam Maiwada, mahaifin Hanne, ya faɗo gidan, ko sallamar kirki babu.

"To, Hansai, kin gani? Na tara dattawan unguwa sun zauna kamar masu jiran gawon shanu! Ban faɗa ba? Ban faɗa ba?"

"Malam, a dai ƙara haƙuri zuwa la'asar..."

"Haƙurin me? Mutanen da ba wanda ya san uban wani!"

Ita Tashar Marke, in ba ku sani ba, can arewa da Ajingi take, kuma ba gari ba ce ta asali. Itacen marke ɗaya ne da rijiya inda jirgi ke tsayawa shan ruwa. Da gyaɗa ta yi kasuwa sai aka kafa rumfar awo, masu abinci suka bi leburori, mahauci ya bi masu abinci. Kafin yaƙin duniya ya ƙare an yi gida arba'in, kowa da inda ya fito. Can Datti yake, kullum safiya yana bin layin dogo a ƙafa da guduma yana duba inda ƙarfe ya saki. Wata shida Hansai ta yi tana lallashi kafin Malam ya yarda a sa wannan rana.

Malam ya jawo kekensa. "Da bakina zan je in gaya musu babu wannan magana. Kada ma su wahalar da ƙafarsu!"

Hanne ta zube ta riƙe tayar keken. "Baba, don Allah..."

"Sakar min keke, Hanne. Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Ta saki. Ta shige ɗaki ta kifa kai a cinyar uwarta.

"Inna, ko fasawa ya yi?"

"Ban sani ba, 'yar nan. Wallahi ban sani ba. Amma kada ki zage shi a zuci tun ba ki ji ba, kada kuma ki ɗaga wa ubanki murya."

Azahar ta wuce. La'asar ta wuce. Fura ta tsinke a ƙwarya. Lami ta leƙa waje ya fi sau goma, har Hansai ta daka mata tsawa ta zauna.

Rana na gab da faɗuwa aka ji ƙarar keke. Malam ya shigo a hankali, jar ƙasa har gwiwar wandonsa. Ya zauna kan turmi ya ce a ba shi ruwa.

"Gawa na tarar," ya ce.

Hanne ta ƙwala ihu. "Datti!"

"Ke, rufe mana baki! Ba shi ba ne. Wani dattijo ne ya cika a jirgin safe, aka sauke shi a tasha. Ba wanda ya san sunansa, ba wanda ya san garinsu. Jirgi ya yi gaba abinsa. Suka aika Ajingi ga hukuma, suka zauna jiran izini, suka haƙa kabari. Duk garin aka rasa farin yadi." Ya kurɓi ruwa. "Sai yaron nan ya ɗauko sabuwar farar rigar da ya ɗinka don zuwa gidan nan, ya ce a farke ta. A ciki aka sa mutumin."

Hansai ta dafe ƙirji. "Allahu Akbar."

"Limaminsu ya yi tafiya. Suna tsaye cirko-cirko sai ga ni, ina huci. Ni na sallaci gawar." Ya girgiza kai. "Da aka gama Datti ya durƙusa gabana da singileti, ƙasa har gira, wai in yafe masa ya saɓa alkawari. Na buɗe baki in faɗi abin da ya kai ni, wallahi harshena ya ƙi."

"To yanzu fa, Malam?"

"Yanzu me? Jumma'a za su zo. Na ce ko da tsumma ne ya zo." Ya juya ya harari Hanne. "Ke kuma wannan kukan na mene ne? Tashi ki ba ni buta."

Ta miƙe tana dariya hawaye na zuba, har ta yi tuntuɓe da murhu.

To, ku 'yan mata masu saurin yanke ƙauna, da ku iyaye masu awon mutum da sunan garinsu, ku ji da kyau. Wanda ya suturta baƙon da ba zai taɓa ce masa na gode ba, ba zai tozarta 'yarku ba. Da Hanne ta biye wa zuciya ta yi wa ubanta tsaye a ranar nan, da ko ya ga abin da ya gani girman kai ba zai bar shi ya sauko ba. Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura aure.