Cittar Miriyam Ta Dawo Kwoi

A tashar Kafanchan direba ya so ya jefa buhunta a but ɗin mota, Ƙauna ta ce sam. Ta rungume shi a cinya kamar jinjiri, tana jin idanun mutane a kanta. Ta saba. A Legas 'yar Indiya ake ce mata, nan kuwa tun da ta sauka "Baturiya" take ji ta ko'ina.

Saurayin da ke gefenta ya shaƙi iska, ya dubi buhun, ya yi murmushi.

"Sista, citta za ki kai Kwoi? Da can dariya za a yi miki. Yanzu kuwa, riƙe shi da kyau."

Sunansa Azariya, malamin gona ne. Ya ce tun shekarar da ciwo ya ruɓar da citta a gonaki, gidaje da yawa sun rasa irin da suka gada. Ita dai haƙoransa take kallo, tana jin haushin kanta. Kafin su kai rabin hanya ta zazzage masa labarin da ba ta taɓa ba kowa ba.

Shekara ashirin da shida ke nan da mamarta Miriyam ta bi wani Ba'indiye mai sayen citta, ba tare da kowa ya buga ƙofar ubanta ya nemi aurenta ba. Uban, Baba Silvanus, ya ce daga ranar ba shi da 'ya. Ƙauna tana shekara uku mutumin ya koma ƙasarsu, ko wasiƙa. Abin da Miriyam ta fita da shi daga gida irin citta ne a ƙulle a bakin zane, kowace shekara tana shuka shi a buhuna bayan ɗakinsu a Agege. Da za ta rasu ta riƙe hannun 'yarta ta ce, "Ki mayar wa Baba irinsa. A gonarsa, ba ta wani ba."

Washegarin isowarta Kwoi, Ƙauna ta durƙusa a ƙofar gidan kakanta. Tsohon ya dubi fatarta, ya dubi dogon gashinta.

"Ni ba ni da jika mai irin wannan kai."

"Baba, Mama ta rasu."

Tsohon ya juya ya shige, buhun ma bai kalla ba.

A gidan Anti Mildred, ƙawar mamarta, ta sauka, sai dai zama ya gagare ta. Ta fita tsakar gida, ta dawo, ta buɗe buhu, ta ɗaure. An yi ruwa sau biyu, cittar ta fara tsiro, kuma iri ba ya jiran fushin kowa. Sau huɗu tana komawa gidan kakanta, sau huɗu ƙofa a rufe.

Azariya ne kawai ke sa ta dariya. Kullum da yamma sai ga babur ɗinsa. Ya koya mata gaisuwa da yarensu, ta karya, ya riƙe ciki. In ya tafi kuma saƙo ya biyo baya:

"'Yar Buhu, kin ci abinci? Ni na kasa. Tuwon ma kama da ke yake yi mini."

"Wato da tuwo na yi kama, Malam Gona?"

"Abin da ba na iya kwana ba shi, shi na faɗa."

So dai ya kama su, kowa ya gani. Mamar Azariya ma ta gani, ta kira shi gefe, amma da muryar da maƙwabta za su ji.

"Yarinya yana da kyau, ban ce a'a ba. Amma in mun tashi neman aure, wane gida za mu buga? Indiya za mu je?"

Maganar ta iso kunnen Ƙauna, ta ƙona ta ƙwarai. A Legas ba ta da dangi, a Kwoi ba ta da ƙofa. Ana cikin haka Azariya ya ce ta kawo irin a shuka a gonarsa kafin ya lalace. Ran Lahadi bayan sujada, Emilia 'yar kwaya, wato mawaƙan majami'a, wadda ta daɗe da sa ido a kan Azariya, ta tare ta da fara'a.

"Baturiya, yi hankali fa. Yanzu a garin nan, mai iri a buhu ba ta rasa masoyi."

Ƙauna ba ta ko isa gida ba ta rubuta masa:

"Ashe buhun kake so. Da ka faɗa tun a mota, da ban wahalar da zuciyata ba."

Kwana uku ba babur, ba saƙo. Ta haɗa kaya, ta warware, ta sake haɗawa. Tana jin haushinsa, tana kuma miƙa wuya duk lokacin da babur ya wuce. A rana ta uku waya ta yi ƙara:

"Ƙaunata, ko ɗan yatsa ɗaya ba na so a ciki. Gobe da safe ki zo gonar Baba Silvanus da buhunki. In kin ga dama daga can ki wuce tasha."

Ta je. Gonar da tsohon ya daina leƙawa tun da irinsa ya mutu, ga ta an nome ta tas. Azariya na tsaye da garma, tafukansa duk sun yi kanta. Kafin ta buɗe baki sai ga Baba Silvanus yana dogara sanda, labari ya kai masa.

"Kai! Wa ya aike ka gonana?"

Azariya ya rusuna. "Baba, noman surukai nake yi."

"Ba ni da yarinya da za a yi wa noma."

Ƙauna ta gaji da roƙo. Ta durƙusa a ƙasa ta kwance buhu. Azariya ya miƙo mata wuƙa don yanka irin, ta ture hannunsa.

"Ba a sa mata ƙarfe."

Ta ɗauki citta, ta danna babban yatsa a gaɓa ta ɓalle, ido biyu a kowane yanki. Ta tsoma bakin a tokar da ta ƙullo a leda, ta ajiye tsiron yana kallon sama. Ta ɗauki ta biyu. Faɗan tsohon ya tsaya cak.

"Wa ya koya miki haka?"

"Mama. Ta ce in babanta ya ga wuƙa kusa da iri, sai ya murɗe mata kunne."

Baba Silvanus ya saki sanda ya durƙusa da ƙyar. Ya ɗauki yanki ɗaya ya daɗe yana juya shi.

"Duk shekarun nan tana shukawa?"

"Ko ɗaya ba ta tsallake ba."

"Nawa ya mutu a hannuna," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Nata ya rayu, ni kuma ban neme ta ba."

Ya kama hannun Ƙauna, mai toka, ya ɗora a ƙirjinsa. Ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar jana'iza. Can ya dubi Azariya.

"Kai mai taurin kai, gaya wa mutanenka ƙofana yana nan. Su buga da ƙarfi. Wannan karon ina so in ji."

Suka kuwa buga, mamar Azariya a gaba, har da guɗa.

A watan Disamba, bayan an haƙe citta, aka ɗaura auren. Zumuntar mata suka cika majami'a da waƙa, Emilia ma ta yi tata a kwaya. Azariya ya raɗa wa amarya, "'Yar Buhu, yau ina buhun?" Ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin farar rigarta.

Fasto ya tambaya, "Wa ke ba da wannan yarinya?"

Baba Silvanus ya miƙe ba sanda.

"Ni ne. Jikana ne, 'yar Miriyam. Miriyam 'yata."

Ya ɗora hannu a kan gashin nan da ya taɓa ƙi, ya ce Ubangiji ya albarkaci gidansu, ya ba su 'ya'ya, kada ƙofarsu ta taɓa rufuwa a fuskar ɗayansu. Majami'a duka ta amsa da amin.