Zanen Da Ya Tona Asirin Malama

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Abin da ya kuɓuce wa Malama Muhsina ke nan da ta shigo ajinta ranar taron iyayen yara. Bango ya cika da zane, ga mahaifinta Alhaji Mu'azu, babban baƙon taron, tsaye a gabansa yana gyara zaman tabarau.

Ita fa ta jawo wa kanta! Makon jiya hedimasta ya sa ta kai 'yan ajinta daga Sule Tankarkar zuwa ɗakin karatu na Gumel. Da suka dawo ta raba musu takarda da fensir mai kala.

"Ku fara da kantar littattafai, layi a tsaye, layi a kwance. Sannan ku zana abin da idonku ya gani, kar ku ƙara, kar ku rage."

To, yara sun ji magana. Kowace takarda ga kanta, ga littattafai, ga wani mutum mai hula, ga mace mai shuɗin mayafi irin nata, baki har kunne. Ranar da ta gani, a durowa ta cusa su.

Mai hular nan Abdulfatah ne, ma'aikacin ɗakin karatun. Kawunnansa sun taɓa zuwa neman aurenta, Baba ya sallame su, ya ce bai san halin yaron ba. Ranar tana kuka a waya Abdulfatah ya ce, "Yi haƙuri hasken idona, ba zan tsallake maganar Baba ba." Tun daga nan sai gaisuwa.

Amma abokiyar aikinta Malama Bilkis, wadda ta daɗe da ɗora ido a kan Abdulfatah, ta san hanyar durowa. Ga ta nan tana karkaɗe hannu daga gam.

"Alhaji, gani ya kori ji. Ashe zance ake zuwa da 'ya'yan mutane!"

Iyaye suka fara ƙus-ƙus. Muhsina ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. In Baba ya yarda da maganar nan, aikin ya tafi, Abdulfatah kuwa sai a mafarki.

"Baba, wallahi ni..."

Ya ɗaga mata hannu. Ya bi zanen ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tsaya a kan wani.

"Na wa ne wannan?"

Wata 'yar firit mai wushirya, Zinariya, ta ɗaga yatsa.

"Zo nan jikata. Me ya sa kika zana mutumin nan a ƙasa?"

"A ƙasa ya zauna ai, Alhaji. Cindo ɗan ajinmu mai ciwon ƙafa ya bai wa kujerarsa. Ya yi ta karanta mana labari har muryarsa ta dishe."

"Malamarku fa?"

"Tana can bayan tebur. Ko kallonsa ba ta yi ba, littafi take ta yi wa murmushi." Ta nuna da yatsa. "Kuma a juye ta riƙe shi. Ga shi nan na zana!"

Aji ya ɗauki dariya, har da iyaye mata masu toshe baki. Wayyo kunya! Muhsina ta ja mayafi ta rufe fuska, hawaye masu zafi suka zubo. Duk abin da ta yi ta ɓoyewa a zuci, yau ga shi a bango da jan fensir, a gaban mahaifinta.

Alhaji Mu'azu bai yi dariya ba. Ya sake duba sauran. Duka Abdulfatah na zaune a tabarma cikin yara, duka tebur na tsakaninsu. A hankali ya ɓamɓare zanen Zinariya, ya ninke ya sa a aljihu.

"Malama Bilkis, Allah ya saka da alheri. Da ba ki liƙa ba, da ban gani ba."

Bilkis ta sulale ta koma bayan iyaye.

Ya juyo ga 'yarsa, muryarsa ta sauko.

"Mamana, halin da na ce ban sani ba, yara sun nuna mini. A gaya wa kawunnansa su dawo ranar Juma'a."

"Baba..." Kuka ya ci ƙarfinta.

Har ya kai ƙofa ya waiwayo.

"Kuma in za ki riƙe littafi a gaban 'ya'yan mutane, ki miƙe shi daidai."

Ta durƙushe a wurin, kuka da dariya suka haɗe mata. Da ta samu ta leƙo ta gefen mayafi, sai ga Zinariya ta ƙura mata ido, har ta jawo sabuwar takarda.

"Zinariya! Don girman Allah ajiye fensirin nan!"