Naman Kumatun Kifi

"Zare zoben nan, Shuruk! Wallahi tun wuri ki zare shi!"

Gwaggo Nagwa ce ta faɗo falon ko sallama ba ta ƙarasa ba, tana haki saboda hawan bene. Shuruk ta ajiye dutsen guga a kan rigar da za ta sa gobe.

"Lafiya, Gwaggo?"

"Ina lafiya! Saurayin nan naki, Midhat, kowace Talata sai an gan shi a gidan kifin Abu Sabri da ke bakin tashar jiragen ruwa, shi da wata mace mai niƙabi. Maƙwabciyata ta gan su da idonta, matar har ɓare masa kifi take yi!"

"Haba Gwaggo, Midhat da ko ƙarnin kifi ba ya so?"

"To ƙarnin wata yake so, ke ki zauna nan!"

Gobe Juma'a ce, kuma ba ƙaramar rana ba ce a gidan. Mahaifin Shuruk, Rayyis Gabir, ya tsufa yana tuƙa jirgin masunta a tekun Iskandariyya, kuma yana da wata ɗabi'a da ta gagari kowa: ba ya sa ranar auren 'yarsa sai ya kai manemin gidan Abu Sabri ya ga yadda zai zaɓi kifi da yadda zai ci shi. A ganinsa, wanda ya kasa bin ƙaya a hankali ba zai iya riƙe 'yar mutane ba. Da haka ya kori saurayin Rihab, yayar Shuruk, don kawai bawan Allah ya dagargaza kifi da cokali mai yatsu, ƙaya ta shaƙe shi. Har yau Rihab tana gida, ta ƙi sauraron kowa. Ga shi Midhat ɗan kudancin Masar ne, mutumin Asyut, sai da aikin koyarwa ya kawo shi ya fara ganin teku.

Shuruk ta shige ɗaki ta kira shi a waya.

"Midhat, tambaya ɗaya zan yi maka. Ina kake zuwa ranar Talata?"



"Ba zan yi miki ƙarya ba, ina zuwa gidan Abu Sabri."

"Da wa?"

"Wannan ne ba zan iya faɗa ba. Alkawari na ɗauka, Shuruk. Don Allah ki yi haƙuri—"

Ta kashe wayar ta kifa kai a filo, ta yi kuka mai isarta. Mama Su'ad ta shigo hannunta duk albasa, ta tarar tana murza zoben baikonta ya kusa fita daga yatsa.

"Mayar da shi. Abin da ba ki gani da idonki ba, ba a kashe aure a kansa. Ki bari gobe ta yi."

Ta mayar, amma ba don zuciyarta ta yarda ba.

Washegari, ana saukowa daga masallaci suka hallara, har da Rihab. Gidan Abu Sabri ya cika maƙil, iska na kaɗa ledar teburan, jiragen masunta na ta rangaji a ƙasan baranda. Midhat ya riga su zuwa, ya sha farar riga. Ya durƙusa ya gaida Rayyis, ya kalli Shuruk, ita kuwa ta kau da kai wajen ruwa.

Ba su kai ga zama ba sai ga tsohon mai kawo abinci ya taho da fara'arsa.

"A'a, Malam Midhat! Yau kuma Juma'a? Ina Hajiyar taka?"

Gwaggo Nagwa ta mintsini Shuruk a cinya har sai da ta zabura. Rayyis Gabir gira kawai ya ɗaga, ya yi gaba zuwa inda aka jera kifi a kan ƙanƙara.

"Bismillah, ɗan kudu. Zaɓar mana."

Midhat ya naɗe hannun riga. Ya wuce wani ƙaton da ke ta ƙyalli a gaba, ya jawo wani daga ƙasa, ya duba idonsa, ya ɗaga murfin kunnen ya leƙa jan da ke ciki, ya danna gefensa da yatsa ya ga naman ya dawo. Ya ce a gasa biyu da gishiri da lemun tsami, kada a cire kai. Da a ce wata rana ce, da Shuruk ta yi guɗa. Yau kuwa duk abin da ya yi daidai sai ta ji kamar an caka mata allura, don ta san wata ce ta koya masa. Wace ce? Fara ce ko baƙa? Tun yaushe? Kuma wane irin alkawari ne namiji zai ɗaukar wa wata mace har ya ɓoye wa wadda zai aura?

Aka kawo kifin yana turiri, da jar shinkafa da jatan lande. Midhat ya sa yatsu ya tsaga bayan kifin, ya kama ƙashin daga wutsiya ya ɗaga shi ɗungurungum, ko tsoka ɗaya ba ta biyo shi ba. Sannan ya juya kan, ya sa babban yatsa ya ƙwaƙulo ɗan naman kumatu, ya miƙa hannu ya ajiye a farantin Shuruk.

Gwaggo ta kasa daurewa.

"Yaya, kai ba ka gani ne? Yaron da bara bai san kan kifi daga wutsiyarsa ba! Ka tambaye shi wace 'yar iska ce malamarsa!"

Rayyis ya ajiye burodin hannunsa.

"Ka ji tambaya. Wace ce matar?"

Midhat ya sunkuyar da kai, gumi na bin wuyansa.

"Baba, ka gafarce ni. Mutuniyar kirki ce, babu abin kunya tsakaninmu. Amma na rantse ba zan ambaci sunanta ba."

"Ko da zan fasa ba ka 'yata?"

Ya ɗago, idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya kalli Shuruk kallo ɗaya.

"Ko da hakan ne, Baba."

Hawaye suka zubo wa Shuruk. Yatsunta suka kai ga zoben, sai maganar Mama ta jiya ta dawo mata. Ta dunƙule hannun ta tura shi ƙarƙashin tebur, ta cije leɓe.

Rayyis kuwa ba Midhat yake kallo ba. Ɗan naman da ke farantin Shuruk ya zuba wa ido, ya daɗe a haka.

"Ɗaga ƙashi daga wutsiya kowa na yi," ya faɗa a hankali. "Amma cire kumatu da babban yatsa a ba wa mace kafin a kai loma baki, wannan hannuna ne. Kuma duk duniya mutum ɗaya na koya wa, a wannan barandar, tana amarya."

Ya juya ya dubi matarsa.

Mama Su'ad ta goge hannunta da tsumma, ta gyara zama.

"Ni ce. Ni na ari niƙabi, ni na sa shi ya rantse."

"Su'ad! Ni za ki yi wa haka?"

"Kai fa! Gabir, ka manta ranar da ka kawo ni nan daga ƙauyenmu, ƙaya ta tsaya mini a wuya ina kuka kana bubbuga mini baya? Ka kore ni ne? Zama ka yi ka koya mini. To me ya sa 'ya'yan mutane ba su cancanci haka ba? Ka dubi Rihab, don Allah ka dube ta! A kan ƙayar kifi ka ƙona mata rai. Na rantse ba zan zauna ina kallo a yi wa ta biyu ba."

Gwaggo Nagwa ta shiga ɓare jatan lande kamar aikin da aka ɗauke ta ke nan. Shuruk ta rufe fuska da mayafi don kunya da farin ciki.

Rayyis ya juya wajen babbar 'yarsa, muryarsa ta yi laushi.

"Rihab... yaron nan da na kora, Usama, yana nan?"

"Ya yi aure, Baba. 'Yarsa har ta fara tafiya."

Tsohon da guguwar teku ba ta taɓa sa shi hawaye ba ya sa bayan hannu ya share ido. Ya jawo kan kifi na biyu, ya cire kumatun, ya ajiye a farantin Rihab.

"Ki yafe mini, 'yata."

Sannan ya dubi Midhat.

"Kifin nan ba kai ka ci jarrabawarsa ba, satar amsa aka ba ka. Amma mutumin da zai yarda ya rasa abin da yake so a kan kada ya karya alkawari, shi nake nema tun farko, ban dai san inda ake dubawa ba. Bayan Sallah za a ɗaura. Yanzu faɗa mini tsakaninka da Allah, kana son kifin?"

"Wallahi Baba, ba na son sa. Shuruk nake so."

Dariya ta ɓarke har mutanen teburin kusa suka waiwayo. Shuruk ta ɗauki ɗan naman kumatun, wanda tuni ya huce, ta kai baki.

"Ka yi haƙuri, na zarge ka," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ai ba ki zare ba," ya ce, yana kallon yatsanta.

Sau biyu zargi ya kai hannunta ga zoben nan, sau biyu haƙuri ya dawo da shi. Da ta biye wa maganar da aka kawo mata, da ta jefar da mijin kirki a kan mahaifiyarta. 'Yan mata, ku ji abin da ake faɗa, amma kada ku yanke hukunci sai kun gani. Iyaye kuma ku auna masu neman 'ya'yanku da halinsu, domin wanda aka kora a kan abin da bai kai ya kawo ba, ba lallai ne a sake samunsa ba.