Busasshen Kifin Motar Tsoho Gu

Rana ta yi ja a kan gonakin kabeji lokacin da dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufin. Sang-chol yana kwance ƙarƙashin akori-kurar mahaifinsa, sifana a hannu. Ya saurara. Karnukan unguwar duk sun yi shiru.

Kwana huɗu ke nan da ya sauya famfon kuloci na sama da na ƙasa. Ya zuba sabon mai, ya cire iska har ya gaji, amma ana takawa sai abin ya nutse ƙasa kamar an taka laka. Ga shi kuwa shi ne bakaniken da ake kawo wa mota daga garuruwa uku. Kunya ta sa ya rufe ƙofar gidan don kada maƙwabta su leƙo.

Ranar da ya fara aikin ya tarar da busasshen kifi naɗe da farin zare, ɗaure a saman matakin kulocin. Mahaifinsa, tsoho Gu, ya ɗaure shi don tsari shekara ashirin da suka wuce, ranar da aka yi wa motar addu'ar sayowa. Wani abokin aiki ya gani ya yi dariya, sai Sang-chol ya tsinke shi ya wurga cikin shara. Da tsohon ya dogaro sanda ya fara magana kan famfon ƙasa, ɗan ya katse shi, ya ce zamaninsa ya wuce, ya koma ɗaki. Tun ranar tsohon bai sake fitowa ba.

Duwatsun suka ci gaba, kullum da faɗuwar rana. A yini na biyar da fara jifan, Ye-rim, 'yar Sang-chol budurwa, ta ajiye cokali ana cin abinci. Ƙafarta ta hagu ta soma taka ƙasa, tana sauka, tana ɗagowa. Ta daina ci, ta daina gane kowa.

"Baban Ye-rim," matarsa ta ce a hankali, "wannan ba aikin sifana ba ne."

Aka ɗauko tsohuwa Ok-bun, mai maganin iskokai, da ƙararrawarta. Ta daɗe tana kaɗa ta a kan yarinyar, sannan ta tambayi wane ne ya shigo gidan mutane ba sallama.

Muryar da ta fito daga bakin Ye-rim ta namiji ce, busasshiya.

"Ni ne baƙo? Shekara ashirin ina cikin kifin nan. Na sauko da tsohon daga kan tsauni cikin ƙanƙara, ko ƙwarzane bai yi ba. Wannan ya zuba ni cikin shara."

Ok-bun ta ce to ya sake musu mota da yarinya, za a biya shi haƙƙinsa. Sai muryar ta yi dariya.

"Motar? Ban taɓa ta ba. Babban bakanike ne ya ɗaura famfon ƙasa a kife, notin fitar da iska yana kallon ƙasa. Iska sama take taruwa. Abin da tsohon ya fito gaya masa ke nan."

Sang-chol ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bai iya kallon matarsa ba.

Aljanin ya nemi kan alade guda. Ok-bun ta ce ya yi yawa, suka yi ta ja-in-ja, har ya sauko kan sabon kifi da giyar shinkafa da za a zuba a tayoyin motar huɗu. Amma abu ɗaya ya ƙi sassautawa: a buɗe ƙofar gidan, kuma tsohon ne zai taka kulocin, in ba haka ba yarinyar tasa ce.

Washegari Sang-chol ya durƙusa a ƙofar ɗakin mahaifinsa, goshinsa a ƙasa. Ya goyo shi a baya, ya zaunar da shi kan kujerar direba. Ya buɗe gidan, maƙwabta suka cika bakin ƙofa, suna kallo ya kwance famfon ya juya shi.

"Baba, ku taka. Ku riƙe."

Iska ta feso, mai ya biyo. A karo na uku matakin ya yi tauri. Daga cikin gida aka ji Ye-rim tana tambayar uwarta ko akwai sauran miya.

Sang-chol ya fito daga ƙarƙashin motar ya tsaya, kai sunkuye, yana jiran faɗan da ya cancanta. Tsohon ya ɗaure sabon kifin a mazauninsa, ya dubi hannayen ɗansa, ya miƙa masa tsumma.

"Goge hannunka, man nan yana cin fata," ya ce.

Da zaginsa ya yi, da Sang-chol ya fi samun sauƙi.