Ranar da Inna Ta Karɓi Gaisuwa

Inna tana zaune a bakin gadonta tana yanke farce lokacin da na gaya mata an ba matata aiki a kudu. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Sai ta tafi," ta ce. "Wa ya riƙe ta?"

"Tare za mu tafi, Inna. Da ni da yara."

Sai a nan ta ajiye rezar ta dube ni.

Ni tela ne, karatuna bai wuce firamare ba. Matata kuwa nas ce mai karɓar haihuwa, kowa Sista yake ce mata, har ni. Tun da ta gama makaranta take zaune ba aiki a ɗaki ɗaya cikin gidanmu na gado, tare da Inna da Yaya da matarsa. Yaranmu biyu: mace muna ce mata Tsuntsuwa don ba ta cin abinci sai tsakura, namijin kuma Direba, don komai ya samu sitiyari ne. Da aikin ya zo, sai ya zo a wani ƙaramin asibiti, a garin da ko sunansa ban taɓa ji ba.

"Tun da nake ban taɓa ganin namiji ya ɗaure kaya ya bi mace ba," in ji Inna. "Kai can me za ka yi? Goyo?"

Yaya yana tsaye bakin ƙofa, ya tuntsire da dariya. "Ki bar shi, Inna, ai zai iya. Zanin goyon ma shi zai ɗinka abinsa."

Sista ta shigo ta durƙusa. "Inna, don Allah ki sa mana albarka. Ba raba ki da shi zan yi ba. Duk hutu za mu zo."

"Da ke nake magana?"

Sista ta sunkuyar da kai.

"To ku bar mini jikokina," in ji Inna. "Ku je ku yi ta yawonku."

Na ce a'a. Tun da aka haife ni ban taɓa ce mata a'a ba sai ranar. Ta ce idan na fita da yaran nan, kada in sake kiranta da sunan uwa.

Ranar da babbar mota ta zo ɗaukar kaya, na je in ɗauko keken ɗinkina sai na tarar da ƙafafu da tebur kawai, babu kai. Inna ta sa an kwance shi ta kulle a ɗakinta. Ta ce keken ubana ne, ba zai bi mace ba shi ma. Lissafinta shi ne idan na rasa abin yi zan dawo da ƙafata. Haka muka loda ƙafafun keke ba kai, maƙwabta suna leƙe.

Garin ƙarami ne, titi ɗaya ne mai kwalta, sauran duk jan laka. Ruwa ba ya gajiya da sauka. Ka shanya riga yau, jibi ma da danshinta. Takalmi ya kwana biyu a ƙarƙashin gado sai ya yi fumfuna. Muka kama ɗaki biyu a bayan gidan wata tsohuwa da muke ce wa Mama. Ba ma jin yarenta, ba ta jin namu, da hannu da dariya muke ciniki. Yaran ne suka riga mu kama yaren, kafin ka ce kwabo Tsuntsuwa ta zama tafintar gida.

Sista kan fita da sassafe da farin takalminta a leda, sai ta isa asibiti ta sa. Ni kuwa in share ɗaki, in ɗora tukunya, in kai yara makaranta, in dawo in zauna ina kallon ƙafafun keke. Yaya ya riƙa kirana.

"Maigida, ko uwargida zan ce? An gama wanke-wanke?"

"Yaya, ya Inna?"

"Tana nan tana kukan jikokinta. Ga magana guda. Ka kwaso yara ka dawo, ita ka bar ta can da allurarta. Inna ta ce za ta ba ka kan kekenka, ni kuma in ba ka shagon gaban gida. Ba saki muka ce ba. Zaman da ba ka nan shi zai yanke hukunci da kansa."

Sista ta dawo ta tarar da ni na yi jugum, ta tambaya, na gaya mata duka. Ta zauna a kan akwati tana cire safa.

"Tela, idan ka gaji, mu koma gaba ɗayanmu. Gobe sai in je in ajiye musu aikin. Amma gida biyu kam ba za a raba mu ba. Ban haifi 'ya'ya don in riƙa jin muryarsu a waya ba."

"Ki ajiye aikin da kika yi shekaru kina jira?"

"Aiki na nema, ban nemi zawarci ba."

Na yi dariya ba shiri. Na ce ba inda za mu je. Ba a yi wata ba ta dawo a bayan babur rungume da wani tsohon kan keke, tsatsa ta ci gefensa, wai mijin wata abokiyar aikinta ne ya daina amfani da shi. Na wanke shi da kananzir, na sa mai, na kafa a barandar Mama. Da kayan 'yan makaranta na fara, daga baya har rigunan ma'aikatan asibitin ni ke ɗinkawa.

Abu ɗaya ne ya hana Sista sakewa. Duk ƙarshen mako sai ta kira Inna. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse, ko matar Yaya ta ɗauka ta ce Inna tana barci, alhali muna jin tarinta. Duk wanda zai je arewa sai ta ba shi saƙon atamfa da na ɗinka. Ba mu taɓa jin an ce an gani ba. Da hutu ya zo muka shirya tafiya, aka aiko mana cewa yara su zo, amma ban da ita. Muka kwance kayan.

"Ki haƙura da kiran nan," na ce mata. "Kina wulaƙanta kanki."

"Uwarka ce. Tawa ta rasu ban san kamanninta ba. Wannan ɗin dai ita nake da ita, ko tana so ko ba ta so."

Muka yi shekaru a haka. Sai ƙafafun Sista suka fara kumbura, ta ce tsayuwa ce. Fuska ta biyo baya. Da aka auna, aka ce ƙoda ce, duka biyun. Likitan da take aiki da shi ya yi iya ƙoƙarinsa, aka kai mu babban asibiti, aka dawo da mu. Matar da ke ɗaga mai naƙuda ita kaɗai, sai da ta kai ni ke ɗaga mata kofi.

Wata rana da hantsi ta ce in kira mata Inna. "Gafara kawai zan nema. Ba na so in tafi tana fushi da ni."

Na fita baranda na kira. Na roƙi matar Yaya har ta kai mata wayar.

"Inna, jikin Sista ya yi tsanani. Tana so ta ji muryarki."

"Ba nas ba ce? Ta yi wa kanta magani mana."

Ta kashe. Na tsaya ina kallon ruwan da ke zuba daga kwano har sai da idona ya bushe, sannan na koma ciki.

"Me ta ce?"

"Tana gaishe ki."

Ta yi murmushi. "Tela, ba ka iya ƙarya ba. Amma ina amsawa."

A makon ta rasu, hannunta cikin nawa, yara suna makaranta. Allah ya jiƙanta. A can muka binne ta.

Inna da Yaya sun iso bayan an yi jana'iza, da motar ɗaukar kaya wadda babu komai a bayanta. Tun kafin su sha ruwa Yaya ya fara auna ɗakin da ido.

"Haƙuri za ka yi. Abin da ya kawo ka ya ƙare, sai a haɗa kaya."

"Nan ne gidan yaran nan, Yaya. Nan makarantarsu take, nan uwarsu take kwance."

"Kai ka zauna in kana so," in ji Inna. "Yara dai da su zan tafi. Namiji ne zai riƙe 'ya mace a garin da ba dangi? Dama can ni aka ƙwace wa."

Ban da ƙarfin musu. Direba ya maƙale a ƙafata, Tsuntsuwa ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Yaya ya ce wa mai mota gobe da rana za a yi lodi.

Da safe Mama ta fito da kujerarta mai laushi, wadda ko ɗanta ba ya zama a kai, ta ajiye a baranda. Ta kama hannun Inna a hankali kamar mai tallafar majinyaci, ta zaunar da ita, ta turo mata ƙaramin benci ta ɗora ƙafa. Inna ta dube ni, ni ma ban gane ba.

Sai mata suka fara shigowa. Wasu da goyo, wasu da yara a hannu, ƙafafunsu duk laka. Labari ya zaga cewa uwar Sista ta iso. Ta farko ta durƙusa, ta kwance jaririnta ta ɗora a cinyar Inna tana kuka tana magana. Aka kira Tsuntsuwa ta yi fassara. Ta tsaya gefen kujerar, ba ta kalli kakarta ba.

"Kaka, cewa ta yi ke ce kika haifi Sista? Ta ce a juye ɗan nan ya zo, Umma ce ta ceto su su biyu. Ta ce Allah ya ba ki haƙurin rashin 'yarki."

Inna ta dubi jaririn da ke cinyarta.

Matar ta ciro wata 'yar kwalba ta miƙa. "Ta ce man shafawa ne, na gwiwa."

"Gwiwa?"

Ta biyu ma man gwiwa ta kawo. Wani dattijo mai gadin asibiti ya zo da sanda da ya sassaƙa da hannunsa, ya ce ya daɗe da yin ta, yana jiran ranar da za ta zo. Inna kuwa lafiyarta ƙalau, har yau da ƙafa take zuwa kasuwa.

"Ke, wane ciwon gwiwa ake ta faɗa?" ta tambayi yarinyar a hankali.

"Umma ta ce musu ke ce uwarta. Kullum suna tambayarta me ya sa ba kya zuwa. Sai ta ce ƙafa ke damunki, hanya kuma da nisa, amma kullum kuna waya."

"Ke ba ki gaya musu ba?"

"Umma ta hana." Sai a lokacin ta dubi kakarta cikin ido. "In gaya musu yanzu?"

Matan ba su san me ake cewa ba, suna ta jira a layi da kwalabensu. Jaririn ya kama yatsan Inna ya riƙe. Sai ta sunkuya a kan ɗan mutane ta fashe da kuka, irin wanda ban ji ta yi ba ko ranar da mahaifinmu ya rasu. Matan suka kewaye ta suna shafa mata baya, suna ba ta haƙuri da yarensu. Suna tsammanin kukan uwa ne. Ni kaɗai da 'yata muka san kukan mene ne.

Rana ta yi, mai mota ya fara danna ham. Yaya ya raɓo ta gefe.

"Inna, lokaci na tafiya. A fara fito da kayan yara?"

Ta share fuska da bakin mayafi. "Ku tafi. Motar ta koma yadda ta zo."

"Yaran fa?"

"Suna gidansu."

"To ke taso mu kama hanya."

Ta nuna masa ƙofar gida, inda wasu matan ke kakkaɓe laima suna shigowa. "Mutanen nan ba su gama zuwa ba. Idan na tafi, wa zai karɓi gaisuwar 'yata?"

'Yata. Kalmar da Sista ta yi shekaru tana kira a waya don ta ji, ga ta an faɗa a barandar da take shanya farin takalminta, ita kuwa tana ƙarƙashin ƙasa.

Inna ta zauna da mu har ƙarshen damina. Ita ke yi wa Tsuntsuwa kitso, ko da yake yarinyar ta daɗe kafin ta yarda ta zauna a gabanta. Yanzu tana zuwa tana komawa, ba ta sake maganar ɗauke kowa ba. Haƙurin Sista ya riƙe mini 'ya'yana a ɗaki ɗaya da ni, ya dawo mini da uwata. Mu muka ci ribarsa a nan duniya, nata ladan yana wurin Allah.

Ni ba malami ba ne, amma ga abin da na gani da idona. Ku iyaye, idan ɗanku ya bi abincinsa da iyalinsa zuwa wani gari, ba ƙin ku ya yi ba. Idan kuma wadda kuke fushi da ita ta kira, ku ɗauka tun tana da muryar da za ta ce muku sannu. Inna ta yafe wa Sista, ta kuma nemi yafiyarta, amma ni take tambaya ko Sista ta yafe mata. Kullum ina ce mata ta yafe. Na san gaskiya ne, sai dai ba daga bakina ya kamata ta ji ba.